'Yata ta fara bilicin a ɓoye, ta ce na fi son ƙanwarta

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana huɗu. Babbar shekararta 15, tana aji huɗu na sakandare. Baƙa ce, dangin babanta ta ɗauko, mai bi mata kuwa fara ce sol kamar ni. Tun suna ƙanana in baƙi suka zo sai ki ji sun ce, "Anya waɗannan ciki ɗaya suka fito?" Kakarsu ta wajen uba, wadda muke gida ɗaya da ita, Gawayi take kiranta. Da can takan rama, a yi dariya a wuce. Amma kusan shekara guda ke nan yarinyar ta canza. Ba ta zuwa biki, ranar sallah ta ƙi shiga hoto, kullum tana ƙunshe a ɗaki. Da ba ta wuce ta biyar a aji, wannan zangon ta 23 ta zo. A Islamiyya tana da izu 20 a ka, aka sa ta a musabaƙa ta ce ba za ta iya tsayawa gaban mutane ba. Da dare takan ari wayata ta ce aikin makaranta za ta yi, ashe TikTok take kallo har tsakar dare.

Makon jiya ina neman biro a jakarta na ci karo da man bilicin, irin haɗin nan da ake zubawa a roba babu ko suna. Sai a lokacin na lura fuskarta ta yi haske, gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi ƙirin. Kuɗin tara take tarawa tana saya a wajen wata 'yar ajinsu, wata huɗu ke nan. Raina ya ɓaci na mare ta. Ba ta yi kuka ba, sai ta ce, "Umma, ai ke ma kin fi son ƙanwata. Da ma ba a haife ni ba." Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Babansu mutum ne mai zafi. Da ya ga sakamakon jarrabawarta daƙiƙiya ya kira ta a gaban ƙannenta, kuma kullum maganarsa ita ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Ban gaya masa zancen man ba. Yayata ta ce in hana ta waya, in sa a mayar da ita makarantar kwana. Don Allah ki ba ni shawara, yaya zan yi yarinyar nan ta daina raina kanta?

Uwa mai damuwa, daga Zariya

Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu da wannan tashin hankali. Uwar da barci ya ƙaurace wa saboda maganar da 'yarta ta faɗa, ba a tambayar ko tana son 'yar, wannan kam ki ajiye shi gefe. Abin da ya faru shi ne yarinyar ba ta ganin son, kuma abin da yaro bai gani ba, a wajensa babu shi.

Zan fara da maganar da ta fi man bilicin ɗin gaggawa: "Da ma ba a haife ni ba." Yana yiwuwa zafin mari ne ya fito da ita, yana kuma yiwuwa ta daɗe tana juya ta a zuci, kuma ba yadda za ki sani sai kin tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na yara 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa da fargaba suna cikin na gaba-gaba. Abubuwan da kika lissafa, ƙunshewa a ɗaki, gudun mutane, barin abin da ta saba so, ja da baya a karatu, duk suna cikin abin da likita ke dubawa. Ki tambaye ta kai tsaye, da taushin murya, ko ta taɓa jin ta gaji da rayuwa ko ta yi tunanin yi wa kanta illa. Iyaye kan ji tsoron kada tambayar ta cusa wa yaro tunanin da ba shi da shi, amma an bincika an ga ba ta yin haka. In ta ce e, ko ta sunkuyar da kai ta yi shiru, kada ki jira, ku tafi asibitin koyarwa na Shika a ga likitan ƙwaƙwalwa. Kafin nan ki kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da ragowar magungunan gida ki kulle. Addu'a da tofi ki ci gaba da su, ba su hana zuwa asibiti.

Wannan zancen ba a yin sa a gaban ƙanne, ba kuma da "zo nan ina son magana da ke" ba, wanda daga jinsa cikin yaro ke ɗurar ruwa. Ki ce ta zo ki tsefe mata kai. Yarinya ta fi sakin baki in tana zaune tsakanin ƙafafunki, hannunki a kanta, ba wanda ke kallon idon wani. Ki fara da naki: "Marin da na yi miki rannan tsoro ne ya sa, na ga abin da zai lalata miki jiki. Bai kamata in kai hannu ba, ki yi haƙuri." Na san akwai masu cewa uwa ba ta ba ɗa haƙuri. Girmanki ba zai ragu da ko ƙwayar gero ba, ita kuma za ta ga babba ya yi kuskure ya gyara bai zama banza ba, darasin da take matuƙar buƙata a yanzu. Daga nan ki ce, "Kin ce na fi son ƙanwarki. Me kika gani?" Sai ki kama bakinki. Za ta zaƙulo abubuwan da kin manta da su: ranar da aka tafi biki da ƙanwar aka bar ta da wanke-wanke, atamfar sallah da ta nuna aka ce ba za ta karɓe ta ba, dariyar da kika taya aka yi da aka ce Gawayi. Wasu za ki ji a ranki ba haka aka yi ba. Kada ki kare kanki ranar, kada ki ce wallahi duk ɗaya kuke a wurina, domin ta shekara da shekaru tana tara hujjojinta, rantsuwa ɗaya ba za ta rushe su ba. Ki ce kin ji, kuma ba ki san abin ya yi mata ciwo haka ba. In ranar farko ba ta ce uffan ba, ki ƙarasa kitson, wani makon ki sake.

Sai man. Irin haɗin nan na roba ba wanda ya san abin da ke ciki, wataƙila har mai sayarwar. Abin da aka fi samu a mayukan bilicin uku ne: haidirokwinon, sinadarin makyuri, da magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda asalinsu likita ke rubuta su na ɗan lokaci don cutar fata. Sitiroyid yana cinye kaurin fata, jijiyoyi su fito kore-kore, nanƙarwa ta tsattsaga cinya da damtse, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Haidirokwinon in an daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Makyuri kuwa yana ratsa fata ya shiga jini ya taɓa ƙoda. Abin ya kai a 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Wata huɗu ba shekara huɗu ba ne, akwai kyakkyawan zaton fatarta za ta dawo daidai, amma ki ɗauki robar ku je wurin likitan fata da ita. In akwai sitiroyid a ciki, yankewa farat ɗaya kan sa fuska ta yi zafi da ƙaiƙayi ta feso da ƙuraje, likita ne zai nuna yadda za a janye. Ki kuma gaya mata tun yanzu cewa launinta zai dawo, wataƙila ma ya fi na da duhu na ɗan lokaci. Waɗannan makonnin su ne masu haɗari, don a cikinsu ne 'yan aji za su fara "me ya same ki kika yi baƙi haka?", kuma a nan ne masu shafawa da yawa ke komawa. Ki roƙi likitan ya yi mata bayani da bakinsa, 'yan shekarunta sun fi jin maganar bare.

Amma man nan hayaƙi ne, wutar tana wani wuri. Yarinyar ba hauka ta yi ba, lissafi ta yi. Ta tashi tana jin farar mace alkyabbar mata, tana jin in an dawo daga biki ana cewa amarya ta yi haske masha Allah, in an ce wa mace ta yi baƙi kuwa jaje ake yi mata. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske. Ko da adadin bai kai haka ba a unguwarku, 'yarki ta ga manya suna yi kafin ta yi. Garin ba za ki iya gyara shi ba. Gidanki kuwa kina da iko da shi, don haka ki fara sauraren irin hirar da ake yi a tsakar gidanki game da fatar mutane, har da wadda ke fitowa daga bakinki.

Akwai abin da na lura da shi kafin in taƙaita wasiƙarki. Sunan ƙaramar na goge shi a wurare da dama, na babbar kuwa ban samu abin gogewa ba, "yarinyar" kawai kike cewa. Na san dalili. 'Yar fari ce, kuma haka aka rene mu: ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban surukai, ba a yabonsa, in ya faɗi a kau da kai sai wani ya ɗaga shi. Ba na cikin masu cewa wannan al'ada mugunta ce. Sai dai a da tana da abokin tafiya. Ɗan fari da an yaye shi ake kai shi wurin kaka ko gwaggo ko wata mariƙiya, can ya sha gata har ƙannensa su yi kishi. Uwa ta kau da kai ne don ta san akwai wadda ta rungume. Yau gidaje da yawa sun riƙe kunyar sun saki riƙon. 'Yarki ta tashi a gabanki tana ganin ana kiran ƙanwarta da suna, ana ɗora ta a cinya, ita kuwa "ke" ce ko "waccan", kakar da ya kamata ta zama mai gatanta kuma ita ce mai ce mata Gawayi. Ba ta san tarihin alkunya ba. Ta nemi dalilin bambancin, ta duba madubi, ta ga dalili ɗaya tilo da ido ke iya gani.

Ban ce ki fito tsakar gida kina ƙwala mata kira da sunan yanka ba. Kunya ta gaban mutane ce, a ɗaka babu mai kallonki. Ki yi mata laƙabi mai daɗi wanda ke kaɗai ke kiranta da shi. Ki ba ta labarin ranar da kika haife ta, wa ya fara ɗaukarta, me kika ji da aka miƙo miki ita. Ki bayyana mata ita kanta al'adar, ki ce kawaicin da take gani na ɗan fari ne, haka aka yi wa wance da wane a danginku. 'Yar shekara 15 za ta gane. In zuciyarki na ce miki nuna wa 'ya mace so a fili zai lalata ta, ki tuna abin da Nana A'isha ta ruwaito, cewa in Nana Faɗima ta shigo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan miƙe ya tarye ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa.

Kada kuma daga gobe ki koma kina ta zuba mata "ke ma ai kyakkyawa ce" safe da yamma. Za ta gane lallashi ne, 'yan shekarun nan ba a yi musu wayo. Yabo ma yana da irin da ke ginawa da irin da ke raunanawa. A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada wannan a kan 'yan aji biyar na firamare. Aka ba yara aiki, bayan sun gama aka yabi wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka yabe su da cewa sun dage. Waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu sai suka riƙa zaɓen aiki mai sauƙi don kada sunan ya zube, da suka haɗu da mai wuya kuma suka karaya da wuri. Waɗanda aka yabi dagewarsu su ne suka fi jurewa. Don haka ki yabi abin da ta yi da hannunta, ki kuma faɗi takamaiman abin: "Izu 20 ba a tsintarsa a hanya, asubar nan da kike tashi tilawa ce ta kawo ki nan." "Na ga yadda kika lallaɓa auta ya sha magani, ni da tuni na yi masa tsawa." Game da kamanninta, ki faɗi gaskiyar da kika gani a lokacin da ba ta zata ba, cewa ɗaurin nan ya zauna mata, ko shuɗin nan ya karɓe ta. Sallah mai zuwa ki je da ita kasuwa ta zaɓi atamfarta, ko da ja ce jawur, kada kowa ya ce mata kalar ba ta baƙaƙe ba ce.

Abin da ya fi yabo ƙarfi shi ne yarinya ta ga da idonta ta iya wani abu. A nan ki bambance aiki da amana. 'Yar fari a gidajenmu ba ta rasa aiki, ga shara, ga wanke-wanke, ga goyon ƙani, kuma ba mai cewa sannu sai ranar da ta fasa kwano a ji sunanta. Amana kuwa ita ce abin da ita za ta yanke shawara a kai. Ki miƙa mata kuɗin cefanen mako guda, ki ce ta tsara abin da za a ci, ta rubuta lissafi. In ta sayi tattasai da tsada ko kuɗin ya ƙare tun ranar Alhamis, kada ki karɓe, ku zauna ku ga inda aka yi ɓarna, mako na gaba ta sake. Ki nemi shawararta a kan abu na gaske, irin ɗinkin da za ki yi na bikin da ke tafe ko makarantar da za a sa auta, wani lokaci kuma ki ɗauki shawarar ta gani. In tana sha'awar zanen lalle, ɗinki, yin cincin da kek, ko kwamfuta, ki nema mata wurin koyo a hutu, amma ita za ta zaɓa. Budurwar da ƙawayen amarya suka yi layi a gabanta ta zana musu lalle, hankalinta yana kan zanen, ba ya kan launin hannun da ke zanawa.

Hajiya kaka ba da mugunta take yi ba, wasan jika ne, kuma jika yana da damar ramawa. Sai dai wasa na mutum biyu ne. Tun ranar da yarinyar ta daina ramawa wasan ya ƙare, abin da ya rage gori ne. Ke suruka ce, wannan ba bakinki ba ne. Ki bi ta hannun ɗanta ko 'yarta, gwaggon yaran, a gaya mata jikarta tana cin zuci a ɓoye kan sunan nan. Tsofaffi da yawa in sun ji haka jikinsu kan yi sanyi. Ba a ce ta bar wasa ba, ga filin kishiya nan a buɗe, ta ce ta ƙwace mata miji, ta ce ta fi ta iya kwalliya, duk abin da za a rama a yi dariya. Halitta kawai za a cire. In an buƙaci hujja, aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙubba, aya ta 22 ta Suratur Rum kuma ta sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Ƙannen ma a kafa musu doka, sunan nan ya mutu a gidan. Baƙi masu "anya ciki ɗaya" kuwa, ki tanadi amsarki tun kafin su zo, ki faɗe ta da fara'a a kunnen yarinyar: "Ciki ɗaya ƙwarai. Wannan ce babbar, mai kama da babanta, ita ce malamar gidan." Yaro yana riƙe wanda ya tsaya masa da wanda ya taya dariya.

Kada a je gyaran ɗaya a ɓata ɗaya. Ƙanwar ba ta yi laifin komai ba, kuma ita ma ana cutar ta ta wata fuskar, don yarinyar da tun tana rarrafe fatarta kawai ake yabo za ta tashi tana zaton ba ta da wani abu sai shi. Kada ki fara kushe ta don babbar ta ji daɗi, kada ki ce wa ɗaya ta yi koyi da ɗaya. Lokacin da mahaifin Nu'umanu bin Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da 'yan uwansa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya yi a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Ki duba rabon kaya, rabon aiki, da wadda ake ɗauka in za a fita unguwa.

Babansu kuwa sai kin gaya masa. Ba za ki yi ta kai 'yarsa asibiti a ɓoye ba, kuma ranar da ya ji a bakin wani, fushin zai zama biyu, nata da naki. Amma ki sanar da ita tukuna cewa za ki gaya masa, kuma za ki tsaya mata. Ki same shi bayan isha, ya ci ya huta, daga ke sai shi. Kada ki fara da man, ki fara da "da ma ba a haife ni ba", domin uba komai zafinsa wannan maganar tana kashe masa jiki. In kin san mai saurin hannu ne, ki sa yayansa ko wani da yake jin nauyi ya kasance a wurin.

Ki yi masa adalci a ranki. Mai yiwuwa haka aka rene shi, kuma tsoron sangarta ne ke sa shi tsanani. Karin maganar da yake riƙe da ita tana da gaskiyarta, don iyayen da ke ɗaure wa ɗa gindi in ya yi laifi, su tafi makaranta su yi faɗa da malami, haɗa shi faɗa da duniya suke yi. Amma ƙin da magabata ke nufi, ƙin goyon bayan laifi ne. "Kin yi sakaci da lissafi wannan zangon, zauna mu ga inda aka samu matsala" tsawatarwa ce, ta bar ƙofar gyara a buɗe. "Daƙiƙiya" kuwa hukunci ne a kan halittarta, kuma wanda aka ce masa haka aka halicce shi, me zai sa ya wahalar da kansa da karatu? Yarinyar da ta haddace izu 20 ta kuma saba zuwa cikin biyar na farko a aji ba daƙiƙiya ba ce, shi ma ya sani. Sannan ki tambaye shi cikin ladabi, wace duniyar ce za ta so ta? Budurwar da ba ta taɓa jin kalma mai daɗi daga bakin ubanta ba, namijin farko da ya turo mata saƙo ya ce bai taɓa ganin mai kyaunta ba ya gama da ita, ko da ɗan iska ne. In bai gane sauran ba, wannan zai gane. Kada ki nemi ya canza hali gaba ɗaya, ba zai yiwu ba. Ki roƙe shi abu biyu: ya bar zagi, musamman a gaban ƙanne, sannan ranar Juma'a ya riƙe mata Alƙur'ani na kwatan awa ta kawo masa hadda. Launinsa ta ɗauko, don haka "wannan jinina ce" daga bakinsa zai yi mata abin da naki bakin ba zai yi ba.

Wayar taki ce, wannan ya sauƙaƙa abin. Hana ta gaba ɗaya zai tura ta ga wayoyin ƙawaye, inda ba ki ganin komai. Ki kafa doka ta gida wadda ta hau kan kowa har ke: ƙarfe tara na dare an ajiye waya. 'Yan shekarunta suna buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma ba mamaki wani kaso na faɗuwar nan daga ta biyar zuwa ta 23 gyangyaɗin aji ne. Damuwarki kan abin da take kallo tana kan hanya. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, a ciki har da binciken da kashi 32 cikin 100 na 'yan mata matasa suka ce in suna jin ba su gamsu da jikinsu ba, Instagram, wanda shi ma na kamfanin ne, yana ƙara dagula musu. Wata rana ki zauna ku kalla tare, ki ɗora filtar nan mai gyara fuska a hoto a kan fuskarki ku ga yadda take mayar da ke wata mata daban, ki tambaye ta cikin waɗanda take bi wace ce take zaton haka fuskarta take in ta tashi daga barci. Ki kuma leƙa makaranta ki ga malamar ajinsu a keɓe, ki tambaya ko ana tsokanarta, ki sanar da ita ana sayar da man bilicin a ajin, da sharaɗin kada a ambaci 'yarki ko a tozarta mai sayarwar a taron asambili, don ita ma yarinya ce, akwai babba a bayanta. Musabaƙa kada a matsa mata bana. Ki roƙi malamin Islamiyya ya fara sa ta biya wa ƙananan aji karatu, tsayawa gaban mutane da kaɗan-kaɗan ake sabawa da shi.

Shawarar yayarki ta makarantar kwana, da kyakkyawar niyya ta ba ki, amma ban goyi baya ba a yanzu. Yarinyar da ta gama ce miki ba kya son ta, in kika haɗa mata akwati, kin sa hannu ne a kan zarginta. Ga shi kuma a ɗakin kwanan ɗalibai babu mai duba mata fata, babu mai lura ko ta ci abinci, man bilicin kuwa can ma ana samunsa. In kina ganin tana buƙatar canjin iska, ki tambaye ta ko akwai inna ko gwaggon da take son ta yi hutu a wurinta, ta je mako biyu da zaɓinta, ki riƙa kiranta a waya. Zancen makarantar kwana a bar shi sai ta warware, in ita da kanta ta nema. Kada kuma ki sa ran sakamakon zango mai zuwa zai dawo ta biyar. Ki fi lura da ko ta fara fitowa tsakar gida, tana cin abinci da mutane, tana musu da ƙannenta. In zango ya wuce kuna yin duk wannan ba ki ga motsi ba, ku koma asibiti ki nemi a haɗa ta da masanin halayya ko da ta ce miki lafiyarta ƙalau. Allah ya ba ta lafiya. Ki rubuto mini bayan kun ga likitan fatar, in ji abin da ya ce.